"Jug", "jar" da "pitcher": wanne ne tulu, wanne ne randa?

Wata malamar firamare a Tudun Wadar Zariya ce ta aiko da wannan tambaya. Ta ce tana koya wa 'yan aji biyar sunayen kayan gida da Turanci, sai littafin ya kawo "jug", "jar" da "pitcher" a shafi ɗaya. Yara suka nemi bambancinsu, ta buɗe ƙamus, ta tarar fassarar tasu kusan ɗaya ce. Haka ta sake cin karo da "pot" da "pan", "bowl" da "basin", "cup" da "mug". Tana kuma son sanin sunan da za ta ba randa, tulu da buta.

Malama, Allah ya ƙara basira, ke da yaran da suka ƙi a wuce da su a duhu. Ƙamus ɗin bai yi miki ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne mu da Turawa ba wuri ɗaya muke dubawa ba idan za mu raɗa wa mazubi suna. Bahaushe ya fi kallon abin da aka yi kayan da shi. Idan duma ne, ƙwarya. Idan itace ne, akushi. Idan ƙarfe ne, tasa ko kwano. Idan roba ce, to roba. Ki jera waɗannan gaba ɗaya a gaban Bature, kalma ɗaya zai ba su, "bowl", domin shi siffa yake kallo: zagayayye ne, bakinsa a buɗe, yana da zurfi, ba shi da mariƙi. Sai an matsa masa zai ƙara da cewa na itace ne ko na roba. Bayan siffa kuma sai aikin da ake yi da abin. Shi ya sa duk wanda ya ce zai ɗaura wa kowace kalmarmu aure da tasu guda ɗaya, zai yi ta raba auren.

Su kansu masu harshen iyakar ba a tsaye take a wurinsu ba. Wani masanin harshe ɗan Amurka, William Labov, ya wallafa wani gwaji a 1973. Ya zana kofi mai hannu, sannan ya riƙa sake zana shi yana ƙara masa faɗi kaɗan-kaɗan, wasu kuma yana ƙara musu tsawo. Ya nuna wa mutane ya ce su faɗi sunan kowanne. Babu wani zane guda da kowa ya yarda cewa daga nan kofi ya ƙare, kwano ya fara. Da ya ce su ɗauka akwai gahawa a ciki, masu cewa "cup" suka ƙaru. Da ya ce dafaffen dankali ne a ciki, zanen da aka kira "cup" ɗazu ya koma "bowl" a bakin mutane da yawa. Dogayen kuma da aka ce furanni aka sa musu, sai suka zama "vase". Zane bai canza ba, abin da ke ciki ne ya canza sunan. Ki riƙe wannan, domin shi ne zai warware miki rabin rikicin.

To mu zo kan ukun da suka fi damun ki.

A Turancin Ingila, "jug" mazubi ne mai mariƙi a gefe guda, da ɗan tsini a baki ta ɗaya gefen, wanda ake tsiyaya ruwa ko madara ta nan. Shi ne wanda ake ajiyewa a kan tebur da zoɓo ko kunun aya a ciki, shi ne kuma muke kira jog. Aikinsa tsiyayawa. Ba a ajiyar abu a ciki na kwana da kwanaki, ba a kuma kafa baki a sha. Wannan abu ɗin dai, idan kika tsallaka Amurka, sunansa "pitcher". Su kuma a can idan an ce "jug", abin da ke zuwa ran mutum shi ne babban mazubi mai ƙaramin baki da murfin murɗawa da mariƙi kusa da wuya, irin wanda suke sayar da madara a ciki. Wato kusan abin da mu muke kira galan, wanda ake sayen man gyaɗa ko kananzir da shi. A Ingila kuwa "pitcher" tana da ƙamshin tsufa. An fi jin ta a labaran da, ana nufin babban mazubin yumɓu mai kunne ɗaya ko biyu da ake ɗebo ruwa da shi. Kin ga ke nan kalmomi biyu ne, ƙasashe biyu, ma'ana uku. Tunda littattafan makarantunmu sun fi bin Turancin Ingila, ki koya wa yara "jug" a kan na tebur, ki gaya musu cewa mutanen Amurka "pitcher" suke ce masa, don kada su rikice in sun ji a talabijin.

Shi kuwa "jar" ba ɗan gidansu ba ne ko kaɗan. Ba shi da tsinin tsiyaya, galibi ba shi da mariƙi, bakinsa a buɗe yake yadda cokali ko hannu zai shiga, kuma yana da murfi. Aikinsa ajiya. Kwalbar Bama ko ta zuma mai faɗin baki, wadda uwargida ke wankewa ta zuba yaji ko dakakkiyar daddawa, ita ce "jar". A nan ma Hausa ta haɗe abin da Turanci ya raba, domin mu duk kwalba muke cewa. Mai siririn wuya, irin ta lemo ko ta maganin tari, ita ce "bottle". Gwajin mai sauƙi ne: idan cokalin cin abinci zai shiga ya fito da abu, "jar" ce. Idan sai an karkata an tsiyaya, "bottle" ce.

Yaran da ke zuwa Islamiyya za su ji daɗin sanin cewa asalin wannan kalma Larabci ne. Jarra a Larabci tulun yumɓu ne na ruwa, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci. Saboda haka ma'anarta ta fari ta fi kusa da randarmu fiye da kwalbar zuma, kuma wannan tsohuwar ma'ana ba ta mutu ba. Manyan tukwanen ruwa da Ladi Kwali ta gina, matar da hotonta ke bayan takardar naira 20, a gidajen adana kayan tarihi na Turai za ki ga an rubuta musu "water jar" ko "water pot". A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani magini ɗan Ingila, Michael Cardew, ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, garin da zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa. Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Samaru ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Idan har kayanta da suka zaga duniya da waɗannan sunaye biyu aka kira su, randar tsakar gidanku ma sun ishe ta.

To amma wanne za a zaɓa? Ni a wurina randa ta fi dacewa da "water jar" ko "large clay water pot", domin a girke take wuri ɗaya, bakinta da faɗi, an rufe ta da faifai, ana sa moɗa a ɗiba. Ajiya ce aikinta. Tulu shi ake ɗauka a kai rijiya, wuyansa a tsuke don kada ruwa ya yi ta fallatsa a hanya. "Water pot" ya yi masa. Idan yaro ya rubuta "pitcher" a kan tulu kada ki soke shi, ya bi tsohuwar ma'anar Ingila, sai dai ki sanar da shi cewa tulunmu ba shi da tsinin tsiyaya, don haka ba a ce masa "jug".

Buta ita ce mai wuyar sha'ani, kuma a nan ne na fi ganin manya ma suna tuntuɓe. Duk Najeriya "kettle" muke ce mata, kuma tsakaninmu ba laifi, kowa ya gane. Amma a kunnen mutumin Ingila wannan kalma aiki ɗaya take nufi, tafasa ruwa, ko a kan wuta ko da lantarki. Ki ce masa kin shiga bayi da "kettle", zai tsaya yana kallon ki, yana tunanin ina za ki jona ta a can. Siffa ce ta ja muka ba ta sunan, tunda tana da mariƙi da dogon baki, amma aikin ya saɓa. Turancin Ingila ba shi da kalma ta yau da kullum a kan butar alwala, saboda al'adar babu ita a gidajensu. Musulmin da suka je can daga Indiya da Pakistan da kalmarsu suka tafi, "lota". Akwai wata tsohuwa, "ewer", ta dogon mazubin ƙarfe ko tangaran da ake zuba wa mutum ruwa ya wanke hannu, ta ɗan yi kusa da shantali, amma kalmar littafi ce, ba ta 'yan aji biyar ba. Abin da nake ba da shawara a rubuta shi ne "ablution kettle" ko "plastic kettle". Ƙarin kalma ɗaya ya kawar da ruɗun.

Har a wurin shayi ma sun raba buta gida biyu. Wadda ake tafasa ruwa ita ce "kettle". Wadda ake zuba ganyen shayi a juye masa tafasasshen ruwa ya jiƙa, a kawo tebur, ita ce "teapot", kuma a al'adarsu ba ta hawa wuta. Sai ga 'yar butar Buzaye, wadda ganye da sukari da ruwa duk a cikinta suke dahuwa a kan garwashi. Ta hau wuta, amma "teapot" za a ce mata, domin shayin a cikinta yake kuma daga ita ake tsiyayawa a kofi. Abin da ke ciki ya sake rinjaye, kamar a gwajin can na 1973.

Tsakanin "pot" da "pan" zurfi da mariƙi ne alƙalai. Tukunya mai zurfi, mai kunnuwa biyu ko marar kunne, "pot". Marar zurfi mai dogon hannu ɗaya, "pan", kamar kaskon soya ƙwai, wato "frying pan", wanda a Amurka ake kuma ce wa "skillet". Mai rikita mutane shi ne "saucepan": yana da zurfi kamar ƙaramar tukunya, amma da yake hannunsa ɗaya ne dogo, sai ya bi dangin kasko. Katuwar tukunyar biki mai ƙafa uku, wadda ake hura mata itace a ƙofar gida ranar suna, tana da suna na musamman, "cauldron", ko da yake "large cooking pot" ma ya wadatar, kuma ya fi tsira daga zargi, domin a tatsuniyoyin Turawa mayu ne suka fi girki a cikin "cauldron". Ki kuma lura cewa "pot" ba ta tsaya a madafa ba. Tukunyar shuka fure "flowerpot" ce, fo na yara "potty". Kwanon sarki da leburori ke ɗaukar siminti da shi a wurin gini, "headpan" ne.

"Bowl" da "basin" siffarsu ɗaya, girma da aiki suka raba su. Na farko a ci abinci ko a kwaɓa abu a ciki. Na biyu ya fi faɗi, kuma ya fi karkata ga wanki da wanka da wanke-wanke, wato daro da baho. Na bango mai famfo da ke banɗaki shi ma "basin" ne ko "washbasin", amma ɗan'uwansa na kicin "sink" ne. Kalmar takan bar gida ma ta tafi labarin ƙasa, inda take nufin duk yankin da ruwansa ke gangarawa kogi ɗaya ko tafki ɗaya, kamar yankin tafkin Chadi. Yaran za su haɗu da ita a wannan ma'ana in sun shiga sakandare, gara su sani tun yanzu cewa daro ɗin nan ne dai aka faɗaɗa.

Faranti shi ne "plate", shimfiɗaɗɗe, wanda mutum ɗaya ke ci a kai. "Dish" ya ɗan fi shi zurfi, shi ake kawo abinci a ciki a ɗiba, kuma kalmar takan koma kan abincin kansa. Idan aka ce tuwon shinkafa "dish" ne na Hausawa, ba kwanon ake nufi ba. Langa da samira na jeren iyayenmu, masu fenti da murfi, ki ce musu "enamel dish" ko "enamel bowl", ki ƙara "with a lid".

Kofi kuma. "Cup" ɗan ƙarami ne, ƙasansa ya fi samansa tsukewa, yana zama a kan ɗan faranti da ake kira "saucer". "Mug" ya fi girma da kauri, jikinsa a miƙe, ba ruwansa da faranti. Wanda mai shayi ke miƙo miki a bakin tashar Kwangila, idan mai hannu ne babba, ya fi kusa da "mug" ko da na roba ne. Marar hannu na gilashi shi ne "glass", kuma ga wuri ɗaya da Bature ya yi irin namu, ya kira abu da sunan abin da aka yi shi da shi. Idan gindinsa a shafe yake ba ƙafa, ana ce masa "tumbler", daga nan muka samu tambulan.

Wani abu game da "cup" ya fi ƙarfin aji, ya shafi duk mai koyon girki a YouTube. A littafin girki wannan kalma awo ce ƙayyadadda, ba kowane kofi ba. Na Amurka kusan mililita 240 ne, na ƙasashen da ke bin awon lita kuma 250. A kasuwarmu kuwa idan mai shinkafa ta ce kofi, gwangwanin madara take nufi, wanda bai kai ko ɗaya daga cikinsu ba. Yarinyar da ta auna fulawa da gwangwani, ta bi sauran awon yadda aka faɗa a bidiyo, kwaɓin zai yi mata ruwa, ta ɗora laifin a kan murhu. Shi kansa gwangwanin sunansa biyu, "tin" a Ingila, "can" a Amurka, sai dai na lemo ko'ina "can" ne.

"Bucket" da "pail" abu ɗaya ne, bokiti. Ta biyun ta tsufa a Ingila, ki ambace ta ki wuce. Guga "well bucket".

Manyan mazubai suna da ɗan tarihi. Jarka daga "jerrycan" take. Sojojin Jamus ne suka fito da ita a shekarun 1930, ta ƙarfe mai cin lita 20, ta yi kyau har sojojin Ingila suka kwaikwaye ta a Yaƙin Duniya na Biyu, suka raɗa mata suna da laƙabin da suke yi wa Bajamushe, "Jerry". Kafin zuwan rawayar jarkar roba mai lita 25 da ake jerawa a kura yanzu, garwa ce ke wannan aiki, gwangwanin kananzir mai cin galan huɗu, kimanin lita 18. A Turanci "kerosene tin" ce. Shi ma galan ɗin kashi biyu ne: na Ingila ya ɗan haura lita huɗu da rabi, na Amurka bai cika lita huɗu ba, 3.8 ne. Duro na ƙarfe ko na shuɗiyar roba mai cin kusan lita 200 shi ne "drum". "Barrel" asalinsa na katako ne mai tumbi a tsakiya, amma yau kin fi jin sa a labaran mai, inda ya zama awo, lita 159, wanda gidajen rediyonmu ke kira gangar ɗanyen mai.

Saura biyu da muka karɓa muka juya su yadda muke so. Filas na ruwan zafi shi ne "vacuum flask", ƙirƙirar James Dewar ɗan Sikotilan a 1892, bango biyu da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu don kada zafi ya samu hanyar fita. Kamfanin Thermos ya fara sayar da shi a 1904, har sunan kamfanin ya zama sunan abin, musamman a Amurka. A can idan kika ce "flask" kawai, da yawa za su ɗauka 'yar kwalbar ƙarfe ta aljihu kike nufi, wadda mashaya ke ɓoye barasa a ciki, don haka a kula. Kula kuwa ta fi ban dariya. Mu tuwo muke sa wa a ciki don kada ya huce, alhali "cooler" a wurin masu harshen akwatin ƙanƙara ce ta sanyaya lemo, 'yan Ingila ma "cool box" suke cewa. Ba mu yi kuskure a kimiyyance ba, bangon da ke hana zafi shiga shi ne ke hana shi fita. Amma idan za a rubuta wa wanda ba ɗan Najeriya ba, a ce "insulated food container" ko "food warmer". A cikin gida "cooler" da "food flask" sun zauna, ba na ganin amfanin yi wa yara bulala a kansu, a dai gaya musu iyakar inda suke da daraja.

Idan littafin ya kawo kalmomin tarawa, "container" ita ce uwa, duk abin da ake zuba wani abu a ciki. "Vessel" ma haka, sai dai ta fi zama a rubutu, ta fi son mai ruwa-ruwa, kuma tana nufin jirgin ruwa da jijiyar jini. "Utensil" ta haɗa har da cokali da ludayi da muciya. "Crockery" tangaran ne gaba ɗaya, "cutlery" kuma cokula da wuƙaƙe, kuma duka biyun ba a sa musu harafin jam'i. Wannan kuskure ne da ke bin ɗalibai har jami'a, ki kashe shi tun a aji biyar.

Inda Turanci ya fi talauci shi ne wurin duma. Kalma biyu kawai gare su, "gourd" a kan ɗan itacen, "calabash" a kan busasshen da aka fafe. Mu kuwa daga duma ɗaya muka fitar da ƙwarya, ƙoƙo, masaki, gora, ludayi, zunguru da shantu. Nan sai a yi bayani: ƙoƙo "small calabash", masaki "very large calabash", gora "bottle gourd", ludayi "calabash ladle". Wasu kuma ba sa son fassara sam. Mudu da tiya awonmu ne, a bar su da sunansu a cikin jimlar Turanci, haka jaridu suke yi in suna kawo farashin hatsi. Tanda ma haka, a rubuta sunanta, a biyo da cewa kasko ne mai ramuka da ake toya waina.

Ranar darasin ki ce kowane yaro ya zo da mazubi ɗaya daga gida, ban da na gilashi. Ki jera su a tebur, a kan kowanne ki tambaye su ko bakinsa da faɗi, ko yana da mariƙi, ko ana rufe shi, da abin da mama take yi da shi, sannan ki ba da sunan. Wanda ya zo da buta ki fara da shi.